Yadda Za Ka Kauce wa Tattaka Dankalin Surukarka

Kai mutumin bakin teku da ka auro 'yar kan dutse, matso kusa. In ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba za ka taɓa hawa garin surukarka ba. Shaidata maƙwabcina Anacleto, mai gyaran injin jiragen kamun kifi a nan Chimbote. Tun da ya auri Zenobia, uwarta Mama Eulogia take kiransa ƙauyensu na kan duwatsun Puno, kuma har yau bai san launin ƙofarta ba.

Mataki na 1: San abin da kake gudu

Sunansa chuño. A watan Yuni ake baza dankali a fili ya daskare da sanyin dare, da safe a tattake shi da ƙafa, ba takalmi. Can su Mama Eulogia, suruki ake turawa gaba, dangi su tsaya kallo su ga ko namiji aka kawo musu. Kada ka ce ba za ka je ba. Ka ce lokacin ne bai yi ba.

Mataki na 2: Disamba zuwa Maris, laɓe bayan ruwa

Damina ce a kan dutse. Marairaice fuska kamar Anacleto.

"Zenobia, dutse na zaftarowa ya rufe hanya. So kike ki shiga takaba?"

"To motar da ta kawo mana cukun Mama jiya, ta sama ta biyo?"

Kada ka amsa. Mai hankali ba ya jayayya da cuku.

Mataki na 3: Afrilu da Mayu, kama ƙirji

Nan ne haɗarin yake. Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, duwatsu kore shar, duk mai tafiya yanzu yake yi. Ka ce iskar can sama ba ta isar huhunka. Anacleto yakan hau bene ɗaya ya sauko yana haki, don matarsa ta gani da idonta.

Mataki na 4: Yi alkawari, amma da rani

Wannan ce uwar dabarun, buɗe kunne. Mu a bakin teku raninmu Janairu ne, lokacin zufa. Su 'yan dutse ranin nasu Yuni ne, don babu ruwan sama, ko da sanyi ya mai da ruwan bokiti dutse. Sai ka rantse za ka zo da rani. Da Yuni ta yi, Mama Eulogia ta bugo waya.

"Ɗana, ga rani ya yi, dankali na jiranka."

"Ayya Mama, ai raninmu nake nufi."

In Janairu ta zo, koma mataki na biyu.

Mataki na 5: Sauran watanni

Agusta iska ce. Bayanta ka ce kana jin ƙamshin hadari. Ba wanda zai iya shinshina hancinka ya ƙaryata.

Mataki na 6: In ta sauko da kanta

Wata safiyar Janairu Anacleto ya buɗe ƙofa ya tarar da Mama Eulogia zaune kan buhunan dankali. Ya ba ta gadonsa, ya koma tabarma. Da haƙarƙarinsa ya gaji, ya lallaɓa wurinta.

"Mama, ba kya kewar gida?"

"Ina yi, ɗana. Amma dutse na zaftarowa. Kai ka faɗa."

Mayu ta yi, ta dafa ƙirji ta ce huhunta ya saba da iskar ƙasa. Yuni ta yi, ta kwashe kifin da ke cikin firjinsa ta cusa dankali ya daskare, da safe ta juye a tsakar gida ta nuna masa takalminsa da baki. Na leƙa ta katanga na gan shi yana tsalle, yatsunsa sun yi fari fat, Zenobia na tafa masa. Wallahi ya ba ni tausayi, amma ban sauka daga katangar ba.

"Mama, don Allah yaushe za ki koma?"

"Da rani, ɗana."

"Wane ranin?"

"Ɗayan."

Sanarwa: marubuci ya yi alkawarin ba za ka hau dutse ba, kuma ya cika. Bai taɓa cewa dutsen ba zai sauko ba. Sandarewar yatsu, asarar gado da ɓacewar kifi duk naka ne. Mai ƙorafi ya zo ya same ni da rani.