Jatau da Atamfar da Ba Ta Zuba

"Ni da za a ba ni kanti, ko ƙaiƙayi na kasa bisa faifai sai mata sun yi dambe a kanshi!"

Wannan ita ce waƙar Jatau na Karakkai duk ranar da ya shigo kasuwar Bungudu. To, mai karatu, bari in raɗa maka: Jatau ko ƙuliƙuli bai taɓa sayarwa ba. Iyakar iliminsa na ciniki, ya taɓa kai gyaɗa Gusau, ya tsaya ƙofar kantuna baki buɗe har ƙuda ya kusa tarewa a ciki. Tun daga ranar ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Ciniki.

Wata kaka da gyaɗa ta yi daraja, sai aka ji Alhaji Mu'azu, mai kanti kusa da tashar jirgi a Gusau, yana neman mai tsare masa kaya. Ga albashi duk wata, ga keke. Jatau bai jira komai ba, ya kyautar da fartanyarsa, ya ba maƙwabci aron gonarsa, ya ce wa matarsa Saude, "Ni da gona yanzu sai dai in wuce bisa keke in ce sannunku da aiki."

Ya isa Gusau da rigar aro. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka taɓa tsaron kanti?"

"Alhaji, ai bisa sikeli anka yanke min cibi."

"To madalla. Gobe kasuwar Tsafe, ina da rumfa can. In ka yi abin kirki, aiki naka ne. Abu guda nika so ka riƙe: kar ka yi gardama da mai saye. In ya yi shakkar kaya, nuna mai ya gani da idonshi."

"Haba Alhaji! Ni za a koya ma wannan?"

Kashegari suka jera kaya a rumfa: atamfa turmi-turmi, farin alawayyo, sandunan sabulu, daro sababbi, da kwalaben turare. Alhaji ya wuce wajen awon gyaɗa, ya bar Sarkin Ciniki a kan gadonsa.

Wani ya tsaya ya ce turaren nan anya yana da ƙamshi? Jatau ya ɓalle kwalba ya shafa masa. Na bayansa ma ya yi shakka. Kan ka ce kwabo, shakka ta kama duk kasuwa, har wani jaki da ya ratso sai da ya samu a wuya. Kowa ya tafi yana ƙamshi, ba wanda ya saya, don wa zai sayi abin da ke jikinsa? Jatau kuwa murna yake, wai ya tara jama'a.

Ana nan sai ga Iya Talatu, wata tsohuwa daga Kucheri, ta zo saya wa 'yarta atamfar fitar suna. Ta murza wata mai zanen ganye, ta shinshina, ta taɓe baki.

"Ɗan nan, wagga ba ta zuba?"

"Zuba? Iya, ko a gulbi ta kwana!"

"Haka kowa ka cewa."

Gogan naka ya tuna maganar Alhaji. Ya ƙwala wa mai ga-ruwa kira, ya jawo daro sabo, ya ɗauko sabulu sabo, ya warware turmin nan ya tsoma. Ya cuɗa, ya murɗe, ya ɗaga. Ruwa fes.

Iya ta ce, "Ikon Allah, ba ta zuba! To, ba ni sabuwa."

"Wagga fa?"

"Wagga ai wankakka ce. In kai ma ɗiyata kwance ranar suna, a yi da ni cikin gari?"

Jatau ya miƙo mata wani turmin irin na farko. Iya ta juya shi ta ce, "To, wagga wa ya san halinta? Ai waccan munka gwada."

Mai hankali a nan zai yi dariya ya lallashi tsohuwa. Shi kuwa shugaban wawayen ƙasar Bungudu sai ya yi nazari, ya ga lalle Iya ta fi shi gaskiya. Tsundum cikin daro! Wannan ma ba ta zuba ba, wannan ma ta zama wankakka. Ya jawo ta uku.

Jama'a suka yi da'ira kamar wajen dambe. Wannan ya ce, "Gwada mai ɗorawar nan!" Wancan ya ce, "Ni jar nan nika zargi!" Jatau ya cire rigar aro, ya naɗe wando, ya haɗa ja da farin alawayyo a daro guda don aiki ya yi sauri. Ashe mai zargi ya yi gaskiya. Alawayyon Alhaji ya fito ja wur, kamar an yi yanka a kansa.

Iya Talatu ta gode masa ƙwarai, ta taka rumfar da ke kusa, ta wani Dogo, ta sayi mai zanen ganyen nan sabuwa dal, ko tambaya ba ta yi ba, tun da ta ga irinta ba ta zuba. Sauran mata suka bi ta. Dogo, mugun ɗan kasuwa, har leƙowa yake yana cewa, "Malam Jatau, don Allah gwada shuɗiyar, akwai mai so nan wajena!" Jatau kuwa ya gwada, yana jin daɗi an ce masa Malam.

Da la'asar Alhaji Mu'azu ya dawo. Tun daga nesa ya hango rufin rumfuna an shanya atamfa kala-kala, ya ce a ransa wane attajiri ne ke biki a kasuwa? Da ya matso ya gane zanen, ashe kayansa ne. Ga Jatau kumfa har gira, yana haki.

"Alhaji, albishirinka! Kayanka duk na ƙwarai ne, jar nan ɗai ce maƙaryaciya."

"Mi ka sayar?"

"Tukuna dai. Amma dubi jama'a!"

Ana cikin haka sai wani mahauci ya ratso taro, ya jefa taguwarsa mai maiƙo gaban Jatau ya ce, "Mai wanki, in na dawo gobe da safe na samu?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Alhaji bai yi zagi ba, bai ɗaga hannu ba, salati kawai yake yi a hankali. Wallahi ni har tausayinsa nake ji. Jatau ya goge kumfa, murya ta yi ƙasa, ya ce, "Alhaji, zancen aikin fa? Da keken?"

Alhaji ya dubi daro, ya dubi guntun sabulun da ya rage. Sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗora a kan ta mahauci.

"Kanti dai ka rasa, Jatau. Amma tun da sabuluna ne, haɗa da wagga. Ka cuɗa wuyan da kyau."