Fadamar da Muka Ce Ba Komai

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kamfanin Gaba-Dai-Gaba, mai tifa arba'in, mai alƙalamin da ba ya ƙafewa. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga babba, da tambayar iyali da gajiyar ofis, ni ne Armaya'u, mahauci a kasuwar Batsari. Mun ga allon da ka kafa a bakin fadamarmu ta hanyar Wagini, mai cewa da zarar an gama girbi za a cike ta da jar ƙasa a yi wa tankokin mai gareji. Mun kuma ji cewa mai awon da ka turo ya ƙiyasta darajarta, ya rubuta: ba komai. Wallahi bai yi ƙarya ba, haka muka gaya masa. Sai dai ina da 'yan koke-koke.

Na ɗaya. Ka turo mana mutum da farar riga da littafi a hammata, ana tsakiyar karɓar haraji da jangali, yana tambayar abin da kowa ke samu. Ranka ya daɗe, wa zai faɗa? Turai, wadda shinkafar da take nomawa a fadamar nan ta aurar da 'ya'yanta uku, ta ce ba komai, ɗan abin kunu ne. Mani mai lambu ya zauna a kan buhun albasa ya rantse bai taɓa ganin albasa ba. Hamma Sahabi, Bafulatanin da nake sayen shanu a wurinsa tun ina saurayi, aka tambaye shi yawan dabbobin da ke shan ruwa a nan da rani, ya ce 'yan kaɗan ne, su ma na wani ne, mai su kuma ya yi tafiya.

Na biyu. Da ya tambaya ko za mu cutu in an cike ta, dattawa suka ce ba komai. To me za su ce? Baƙo ne, yana zaune a kan tabarmarmu, yana shan furarmu. Ko ƙafata ya taka, abin da zan ce ke nan. A wace makaranta ake koyar da awo ba a koyar da kunya?

Na uku. Na ji an ce itatuwa kaɗai ake biya wa diyya. Ashe tsohuwar kukar bakin hanya, wadda ko akuya ta daina kula ta, ta fi fadama daraja. Madalla da ilimi. Ita fadama laifinta ba ta da reshe. Amma da damina ita ke shanye ruwan da ke gangarowa daga tudu kafin ya shigo mana ɗaki, da rani ta riƙa sakar wa rijiyoyinmu shi kaɗan-kaɗan. Tubalin ginin masallacinmu daga yumɓunta aka buga, tarwaɗar da yara ke kamawa ba wanda ya taɓa ba ta abinci. Garejinka zai ɗauki waɗannan ayyuka? In zai ɗauka, nawa ne albashinsa? Domin ita kyauta take yi, har da ranar Juma'a.

Na huɗu, wannan shawara ce ba koke ba. In kana son sanin dukiyar mutum a ƙasar nan, kada ka tambaye shi, tambayi maƙwabcinsa. Tambayi Kande, maƙwabciyar Turai, buhu nawa Turai ta ɗauka bara, za ta faɗa maka har da wanda aka ɓoye ƙarƙashin gado. Tambayi Mani shanun Hamma, ya san su kai da kai, tunda sun sha cinye masa latas. Abin da aka gaya maka ka raba biyu saboda hassada, ka tara. Sannan ka tambayi direbanka nawa zai karɓa ya kawo mana ruwa a tanka kullum har tashin duniya, ka ɗora a kai. In lissafin ya fito ba komai, ni da kaina zan riƙe wa tifarka ƙofa.

Na biyar ba shi da lamba a littafinku. Fulani ba sa zama inda babu mashaya. In fadama ta tafi shanu sun tafi, ni kuma sai in koma yanka kabewa. Wannan zan iya jurewa. Amma Hamma a gidana yake sauka duk ranar kasuwa, tabarmarsa da butarsa a zaurena suke tun kafin a haifi babban ɗana. Kullum muna faɗa a kan farashi, ya ce da ni ɓarawo in ce da shi marowaci, mu ci tuwo a kwano ɗaya. Jiya ya naɗe tabarmar, ya ɗauki butar, ya ɗaure a bayan jaki. Ya kama hanya. Raina ya ɓaci, ranka ya daɗe, har na kasa cin abinci. Ina roƙo ka turo mai awonka ya zo ya auna wurin da tabarmar take, ya gaya mini nawa ne.

Allah ya ƙara maka girma a kan girma, ya tsare tankokinka daga ruwan da ba shi da wurin zuwa.

Naka mai biyayya, safe da yamma,
Armaya'u Mahauci,
Rumfar nama, kasuwar Batsari.