Ranar da Sabar Makaranta ta Ƙi Injiniya Sagiru

Wani mutum ne a gidanmu, ƙanin maigidana, Sagiru. Amma kada ku kuskura ku kira shi haka a kan titi, ba zai waiwayo ba. Sai an ce Injiniya. Babu wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna. Mu dai mun san ya je Legas ya yi 'yan watanni, ya dawo da jakar goyo da farin gilashin da ba na magani ba. Shi ke nan, ya zama Injiniya.

A makarantar Hajiya Gambo yake aiki, nan Funtua, inda 'yata Saudatu ta yi sakandare. Kusa da ofis akwai wani ɗan ɗaki, a ciki akwai wata baƙar na'ura kamar ƙaramin firij, ana ce mata saba. Sunayen ɗalibai da makinsu da takardun shaidarsu duk a cikinta suke. In ta kwanta, ofis ya kwanta. Kuma wai ba ta tashi sai da hannun Sagiru.

Haka yake faɗa a wurin suna, haka yake faɗa a wurin biki. Har a zaman makoki na ji ya faɗa.

"Matar Yaya," in ji shi, yana cin tuwona, "kin san layin da nake rubuta wa sabar nan kafin ta tashi? Ya fi igiyar shanyarki tsawo. Harafi ɗaya ya goce, makin yara sai dai a nemo shi a Sin."

"To, Allah ya kiyaye."

"Amin. Ƙaro miya."

Da can, duk lokacin da aka ɗauke wuta saba ta mutu, sai a aika a nemo shi. Ya zo yana tafiyar likitan da zai shiga tiyata. Ya kori kowa, ya rufe ƙofa. Sai dai a jiyo ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙwas! Can ya fito yana share gumi, ya ce a kawo lemo mai sanyi, ƙwaƙwalwarsa ta ɗauki zafi.

Sai Hajiya ta sa sola. Saba ta daina mutuwa, aka yi wata da watanni ba a nemi Injiniya ba. Abin ya dame shi. Sai ya ɓullo da sabon salo: duk baƙon da ya shigo makarantar, ko mai tallan gyaɗa ne, sai ya ja shi ɗakin ya nuna masa baƙin allo. Ya buga rubutu, ya danna, na'ura ta mayar masa da ɗan layin Turanci. In aka ce me ta ce, sai ya ce, "Gaisuwa ce. Ta san hannuna." In babu baƙo ma, haka yake wuni shi kaɗai yana ƙwas-ƙwas, don a ji daga ofis.

Ana nan sai saƙo ya shigo wayar Saudatu. Makarantar koyon aikin jinya ta kira ta tantancewa, gobe da sassafe, kuma ta zo da takardar shaidar kammala sakandare da makinta, da hatimin makaranta. Wanda bai zo da su ba, a ba na bayansa. Wannan ne karo na biyu da yarinyar nan take nema. Makarantar a wani gari take, motar ƙarshe kuma tana barin tasha da an sallame la'asar.

Ni mutum ce mai faɗuwar gaba. Kafin maigadi ya gama buɗe get muna bakin makarantar, na sa takardunta a leda, ledar a cikin wata ledar. Muna shiga muka tarar da iyaye a tsaye cirko-cirko, ga janareta yana ta ruri. Ashe ruwan da aka yi jiya da tsawa ya ƙona wani abu a jikin sola. Saba ta mutu.

Hajiya Gambo ta ce in kwantar da hankalina, an aika a kira Injiniya.

Sai da rana ta take ya iso, fuskar nan tana ƙyalli kamar ranar sallah.

"A'a, Matar Yaya! Ke ma yau kin zo hannu?"

"Na zo, Injiniya. Ka taimaka, motar la'asar za ta bi."

"La'asar? Kafin ki gyara ɗaurin ɗankwalinki an gama."

Ya kai hannu zai rufe ƙofa kamar yadda ya saba, sai ya hango Malama Zuwaira ta fito daga aji. Malamar lissafi ce, kuma kowa ya san ya daɗe yana zagaye ta, ita kaɗai ce take yi kamar ba ta sani ba. Nan take ya wangale ƙofar.

"Yau kowa ya shigo. Ilimi ba a ɓoye shi. Malama, matso nan gaba inda za ki gani sosai."

Muka cika ɗakin. Ya naɗe hannun riga. Ya lanƙwasa yatsu, ƙas-ƙas. Ya yi ƙwas-ƙwas ɗinsa na ɗan lokaci, sannan ya saci kallonmu, ya miƙa ɗan yatsa can gefe ya danna wani maɓalli guda.

Rubutu ya fito a allo: injiniya sagiru.

Ya sake dannawa. Injiniya dakta sagiru.

Ya sake. Farfesa sagiru na funtua.

"Tana tantance ni ne," ya ce. "Tsaro ke nan."

Saudatu ta raɗa min a kunne, ita da ta koyi kwamfuta saboda jarrabawa. "Umma, kibiyar sama yake dannawa. Tana dawo da abin da aka taɓa rubutawa ne, ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon layi yake nema."

"To zai same shi?"

"Ban sani ba, Umma."

Ni dai na fara salati a zuci. Shi kuwa ya ci gaba, tik, tik, tik. Duk abin da ya wuni yana bugawa tun da aka sa sola, ga shi yana fitowa a gaban jama'a. Wani layin ba ya karantuwa, haruffa ne kawai kamar kaza ta bi ta kai. Wani kuwa tas yake.

Zuwaira.

Tik. Zuwaira zuwaira zuwaira.

Tik. Hajiya zuwaira sagiru.

Malama Zuwaira ta gyara mayafinta, ta ce tana da aji. Amma ba ta tafi ba.

Tik. Hajiya gambo ta cika surutu.

Hajiya ta ciro tabarau daga jaka ta saka.

Tik. Miyar matar yaya ba gishiri.

Wannan ƙarya ce. Amma ba lokacin magana ba ne, sai na haɗiye.

"'Yan kutse ne," in ji Sagiru, ba tare da ya waiwayo ba. "Daga waje suke shigowa su rubuta. Kun ga irin yaƙin da nake yi kullum ba ku sani ba."

"Su 'yan wajen," in ji wani dattijo a bayanmu, "har tuwon gidan yayanka suke ci?"

Sai ya danne maɓallin gaba ɗaya. Rubutu ya riƙa gudu, firrr, har ya tsaya cak. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. An zo ƙarshe. Ashe na'urar ba ta riƙe komai da komai. In sabon rubutu ya yi yawa, sai ta zubar da tsohon. Surutun Sagiru ya ture layin da yake nema, ya faɗa rami.

A nan ne na ga gumi na gaskiya a wuyansa. Ba irin na lemo ba.

Aka kira azahar. Na ce, "Injiniya, lokaci fa."

"Matar Yaya, kada ki ruɗa ni. Ai layin yana kaina."

Kalmar farko ce kawai a kansa, ita ma sai da ya gwada ta ya sake gwadawa. Can na'ura ta karɓa. Fitila ta yi kore. Ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa.

"Ta tashi! Na gajarta layin ne. Sabon salo ke nan, haka ake yi yanzu a Turai."

Muka ɗunguma ofis. Aka buga sunan Saudatu. Babu. Aka buga sunan mahaifinta. Babu. Aka nemi 'yan ajinsu. Fari fat, kamar an wanke faranti.

"To," in ji Sagiru, ya gyara gilashi, "na'ura dai ba ta ƙarya. Kin tabbata a nan ta yi karatu?"

"Baffa!" in ji Saudatu. "Kai kake kawo ni a babur!"

"Ina ajiye ki a bakin get. Ban san inda kike wucewa ba."

Na nemi kujera na zauna, don jinina ya riga ya hau. Aka buga sunan ɗan wancan dattijon, babu. Aka buga sunan Malama Zuwaira cikin malamai, babu. Hajiya Gambo ta ce a buga nata. Babu.

"Wato ni ma ba ni da makaranta," ta ce.

"Hajiya, sai an yi bincike."

Hajiya ta ciro waya. Ta ce akwai wadda ta zo daga Zariya ta haɗa sabar tun farko, Injiniya Bilhatu, bari ta kira ta. Sagiru ya yi wuf ya tare ƙofa.

"Haba Hajiya, wannan yarinyar? Ai ni na riƙa gyara mata kurakurai. Za ta ƙara dagula mana ne kawai."

"Matsa."

Ta saka wayar a sifika, muka koma ɗan ɗakin. Matar ta saurara, ta yi tambaya biyu, sannan ta yi dariya kaɗan.

"Hajiya, ba abin da ya ɓata. An tashe ta ne ba a gaya mata komai ba. Kamar ki aiki yaro ne, ki ce masa tafi kawai. Dole tun a bakin ƙofa ki faɗa masa ɗakin da kayan suke, da ƙofar da zai buɗe wa mutane, da mutum nawa zai bari su shiga. In ba ki faɗa ba, sai ya je ɗakin da ya ga dama. Yanzu ɗakin da ba kowa ta buɗe muku. Wa ke kusa da kibod?"

"Injiniyanmu."

"Madalla. Injiniya, fara kashe ta, sai ka sake rubuta kalmar da ka tashe ta da ita, ka ba da fili, ka sa dash biyu."

Sagiru ya sunkuya. Ya duba kibod daga dama zuwa hagu. Ya duba daga hagu zuwa dama. Ya ɗaga shi ya leƙa ƙasansa.

"Irin wannan kibod ɗin ba ya zuwa da dash."

Saudatu ta ce, "Baffa, ɗan tashi."

Ta zauna. Ta sa yatsa a kan dash ɗin, ashe ɗan gajeren layi ne a kwance, matar tana faɗa, Saudatu tana bugawa: dash biyu, ga inda bayanai suke, fili, dash biyu, ga lambar ƙofa, fili, dash biyu, ga yawan masu shiga. Layin gaba ɗaya bai kai tsawon cokalin miya ba. Ta danna babban maɓallin nan, Enta.

Daga ofis muka jiyo ihu: "Sun dawo!" Sai firinta ta fara, zuuu, zuuu. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Hajiya ta buga hatimi da hannunta, dam! Na karɓa, na duba sunan, na sake dubawa, na sa a leda. Na ce wa Saudatu ta ruga ta tare mai adaidaita, ga ni nan.

Ina gyara mayafi ke nan na ji Sagiru ya dawo da muryarsa. Ya jingina da saba, yana kallon Malama Zuwaira.

"Abin da nake shirin rubutawa ke nan aka katse ni. Na bar yarinyar ne ta koya."

Bai san Hajiya ba ta kashe wayar ba.

"Hajiya," in ji Injiniya Bilhatu, "ni fa na ce zan dawo in rubuta waɗannan umarnin a fayil ɗinta na dindindin, ta riƙa tashi da kanta ba sai an taɓa ta ba. Aka aiko min cewa kun sami ƙwararre, ba sai na zo ba. Wane ne?"

"Sagiru."

Matar ta maimaita sunan a hankali.

"Sagiru... dogon nan da ya riƙe min tocila?"

Dattijon nan ne kawai ya yi gyaran murya.

"Ikon Allah. Ai ni na ce masa kafin in dawo, in wuta ta ɗauke, ya danna kibiyar sama ya danna Enta, shi ke nan aikinsa. Shi ma ta ƙasa ya riƙa dannawa, sai da na manna masa jan salatif a kan maɓallin."

Duk muka sunkuya muka duba kibod.

Salatif ɗin yana nan.