Cindo Ya Kai Babansa Ganin Giwa

A Tudun Gawo, bayan masallacin Juma'a, akwai wani gida mai darbejiya a ƙofa. Mutum uku ne a ciki. Akwai Baba Nomau, tsohon wanzami, wanda rabin kawunan garin shi ya fara aske su tun ranar suna. Akwai autansa Cindo, ƙato, ƙirji kamar ƙyauren zaure, zuciya fara fat kamar kindirmo. Sai dai kan nan nasa Allah ya yi shi a miƙe kamar taɓarya. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko sama da ƙasa za su haɗe. Ta ukunsu matar Cindo ce, Ladingo mai ƙosai, wadda ta san mijinta kamar yunwar cikinta.

To, farar yana ta fara rufe wa Baba ido. Tun ranar da ya nemi ya haɗa kunnen ladan da gashi ya ajiye aska. Kullum duniya ƙara dushewa take yi masa, shi kuma abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai.

Ya ce, "Na aske mai gari, na aske mahaukacin kasuwa, ba irin kan da ban gani ba. Amma giwa, kullum sai dai a kirari. Ko kashinta ban taɓa takawa ba. Ina so na gan ta kafin fitilar nan ta mutu."

Ranar kasuwa Ladingo ta ja ɗan akuyarta ta sayar, Allah ya yi mata albarka, ta ce a kai Baba gandun dajin Kogin Ɗinya.

Wata rana ta tashi Cindo ya je birni, ofishin da ake sayar da tikitin shiga gandun. Hutun Sallah ya kusa, kowa can ya nufa. Ta ce, "Malam, za ka tarar da layi. Ka tsaya bayan mutumin ƙarshe. In ya matsa ka matsa, inda ya ɗauke ƙafa ka sa taka, kada ka bari kowa ya shiga tsakaninku." Cindo ya je ya tarar da layi har bakin titi, ya tsaya bayan wani mai jar hula. Rana ta take, layi ba ya motsi. Mai jar hula ya yi tsaki ya fita. Cindo ya fita. Mutumin ya tsaya sayen rake, Cindo ya tsaya. Ya tare ɗan acaɓa ya hau, sai ya ji babur ya nutse, ga ƙato a bayansa.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Lafiya lau. Layi nake bi."

"Wane layin? Gidan surukaina za ni, suna ake yi!"

"To mu je, kada wani ya shiga tsakani."

Haka aka yi kuwa. Inda mai jar hula ya durƙusa ya gai da surukinsa, Cindo ya durƙusa. Da ya sa hannu a akushi, Cindo ya sa. Mutumin kirki ne, da ya gane irin wanda Allah ya haɗa shi da shi, dariya ya yi har hular ta faɗi. Ya ce, "Tashi mu koma, in ba haka ba da kai zan kwana." Suka koma, ya tsaya masa har tikiti ya shiga hannu. Duk inda mai jar hulan nan yake, Allah ya jiƙan iyayensa.

Wata rana kuma aka shirya tafiya. Ladingo ta naɗe tikitin a leda ta miƙa masa. Ta ce, "Ka ɓoye shi, kada ka nuna wa kowa, duniya ta lalace." Cindo ya cusa shi a cikin hula ya danne. Suka isa ƙofar gandun, ga jama'a maƙil kamar ana rabon gero: 'yan makaranta, 'yan birni da wayoyinsu a sama, har da wasu 'yan biki da mai kalangunsu. Layi ya zo kan Cindo.

Mai gadi ya ce, "Tikiti."

"Akwai."

"To nuna."

"An hana ni."

"Wa ya hana ka?"

"Ladingo."

Mai gadi ya waiga ya dubi abokin aikinsa. "Kai, an yi mana sabuwar shugaba ne ba mu sani ba?"

Baya kuwa an fara ihu. "A matsa mana!" "Malam, in ba ka da shi ka ba mu wuri!" Motoci suna ta ham. Cindo ya dafe hula da hannu biyu, ya kafe kamar turke. Baba Nomau ya ce, "Kai ɗan nan, ba ni takardar, ni na nuna masa. Ai ni ba a hana ni ba."

Cindo ya auna maganar. Can ya ce, "To, amma sai ka rufe ido kafin na ciro."

"Idon ai a rufe yake, ja'iri! Shi ya kawo mu!"

Mai gadi ya riƙe ciki don dariya. Da ya buga musu hatimi, da kansa ya kama hannun Baba ya tsallakar da shi kwalbati, ya nuna musu rumfar da masu ƙaramin ƙarfi ke shimfiɗa tabarma su kwana.

Wata rana, a cikin kwanakin da suka yi a can, suka fito wurin da ake hawa babbar motar da ke shiga daji da masu kallo. Tun a tasha Ladingo ta ja wa mijinta kunne: "In kun shiga cunkoso ka riƙe hannun Baba. Ko me zai ce maka kada ka saki." Shi kuwa wurin nan ko'ina cunkoso ne, saboda haka tun asuba hannun daman Baba yake a cikin nasa. Koko da hagu tsoho ya sha. Alwala kuwa sai da aka yi ta da hannu uku. Da Baba ya ji yatsunsa sun mutu, sai ya yi dabara irin ta tsofaffi. Ana cikin turereniya ya laluɓo hannun wani siririn dattijo da ke gefe, ya zare nasa ya saka na mutumin. Ya koma gindin bishiya yana murza yatsu, wai ya ɗan huta.

Sai ga mota. Cindo ya sa kafaɗa ya keta jama'a kamar garma a ɗanyar ƙasa, yana jan dattijo a baya.

"Kai! Sake ni! Ni ba ubanka ba ne!"

Cindo ko waige. "Ko tsine mini za ka yi, Baba, ba zan saki ba."

Sai da mota ta yi nisa ya juyo zai gyara wa Baba zama, ya ga baƙuwar fuska da tabarau. Dattijon kuwa har ya huce, don tun safe yake neman wuri ana ture shi. Ya ce, "Yaro, ban san ka ba, amma Allah ya ba ka mai yi maka." Abin haushin, a ranar ne aka hango bayan giwa can nesa, kamar tukunya a kife, kafin ihun mutane ya kore ta. Cindo ya dawo yana hawaye shaɓe-shaɓe. Baba ya ji labari. Ya ce, "Bar kuka. Wannan wautar tawa ce, ba taka ba."

Wata rana da hantsi, jagoran masu kallo, wani dogo mai suna Dogara, ya tara baƙi yana yi musu gargaɗi. Ya ce, "Jama'a, dajin nan gidan dabbobi ne, ku baƙi ne. Ba a korar maigida a gidansa, ba a jifansa, ba a ɗaga masa murya." Cindo ya haddace tsaf. Suna komawa rumfa ya kwance guzurin da Ladingo ta ɗaure musu, ƙuli-ƙuli da garin kwaki da dakuwa. Sai ga wani gwaggon biri, ƙato, yana tafe yana rangaji kamar mai unguwa, iyalinsa a baya. Cindo ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe. Mun same ku lafiya? Ya iyali?"

Biri ya ɗauki ƙullin dakuwa.

"Bismillah, ai gidanka ne."

Baba ya ce, "Wa kake gaisarwa haka? Hakimi ne ya zo?"

"Maigida ne, Baba. Yi ƙasa da murya."

Kafin Baba ya gane wane ne maigidan, uwargida ta yi gaba da kwaki, yara sun watse da ƙuli-ƙuli, wani ɗan autansu ya haɗa da hular Baba ya haye bishiya. Cindo ya raka su 'yan taku, ya ce su gai da gida. Da ba don wasu mata 'yan biki da ke rumfar kusa ba, da da yunwa za a kwana. Suka gama dariya suka aiko da dambu cike da kwano, har da ɗan mai a kai. Mutanen kirki ba su ƙare ba.

To, wata rana, ita ce ta ƙarshe a tikitinsu. Guzuri ya ƙare, giwa ba a gani ba, Baba kuwa ya tashi yana cewa yau ko tafin hannunsa da ƙyar yake rarrabewa. Suka samu shiga mota, an cusa mutane kamar buhunan albasa. Mai kalangu yana kiɗa, 'yan makaranta suna waƙa, kowa ya ga kututture sai ya ce, "Ga ta can!" Mota tana tsalle a kan duwatsu, jiri ya ɗebi Baba, ya fara amai. Dogara ya sa aka tsaya a bakin wani tafki, inda aka kafa ɗan bene na katako don masu kallo. Ya taimaka aka hau da tsoho.

Ya ce wa Cindo, "Ku zauna nan ya sha iska. Kada ku sauko, kada ku yi motsi, kada ku ce uffan sai na dawo."

Shi Dogara a ransa ɗan zagaye za su yi su dawo. Ashe mota za ta kafe a yashin wani rafi can gaba, a wuni ana turi ana zage-zage.

Cindo ya zauna kamar an dasa shi. Baba ya farfaɗo ya buɗe baki zai ce su sauka su nemi hanya, sai ya ji tafin hannu kamar faifai ya rufe masa baki. Ya yunƙura zai tashi, aka danne masa kafaɗa. Tari ya taso masa, ya haɗiye abinsa dole. Ƙudan tsando ya sauka a kan hancin Cindo ya yi ta shan jini har ya ƙoshi, Cindo hawaye kawai yake yi, bai ɗaga yatsa ba. Azahar ma da ido aka yi ta. Baba yana ta zagin ɗansa a zuci, tun daga kansa har kakannin uwarsa.

Rana ta karkata. Wurin ya yi tsit, har tsuntsaye suka manta da mutane a sama. Can sai aka ji ƙarar reshe ya karye. Wani wari mai nauyi ya bugo. Baba ya ƙura ɗan abin da ya rage masa na ido, sai ya ga kamar rumbunan gari sun tashi suna tafiya. Ashe hayaniyar masu turin mota ce ta koro garken giwaye, suka nufo inda ba motsin kowa.

Suka sha ruwa, suka yi wa juna wanka. Wata babba ta taho har gindin benen tana soshe jikinta da ginshiƙi, katako yana rawa. Kunnenta ya yi musu fifita. Kusancin har ya kai Baba yana ganin tamojin fatarta, da ɗan idonta mai gashi, da tsirarun gashin da ke tsaye a ƙoƙon kanta. Hawaye suka gangaro masa cikin gemu. Cindo kuwa kumatu sun kumbura, ido ya fito, magana ta cika masa baki tana neman fasa shi, amma ya datse haƙora. Giwaye suka gama abin da ya kawo su, suka juya a hankali, daji ya haɗiye su.

Sai gab da magariba ga mota ta dawo, kowa ya yi buɗu-buɗu da yashi, kalangu ya yi shiru. Dogara ya hau benen da gudu, zuciyarsa a baki. "Baba, ku yafe ni! Kuna lafiya? Na dawo!"

Jin "na dawo" ke da wuya Cindo ya zabura ya miƙe, ya nuna tafkin da ba komai a cikinsa, ya kwarara ihun da ya wuni yana riƙo:

"Baba! Baba, ga giwa!"

Mota ta kwashe da dariya. Wani ɗan birni ya ce rana ce ta taɓa shi. Dogara dai ya leƙa ƙasa, ya ga sawu kamar an kifa faranti a laka, ga kashi tuli yana hayaƙi a gindin ginshiƙi. Ya nuna musu. Dariya ta ɗauke ɗif. Masu wayoyi suka sauko suna ɗaukar hoton kashi.

Baba Nomau ya laluɓo kan ɗansa ya dafa.

Ya ce, "Na gani, ɗan nan. Wallahi na gan ta, har gashin kanta. Yanzu ido ya yi abin da ya ga dama. Alhamdu lillahi da Allah bai ba ni ɗa mai wayo ba, da tun azahar mun sauko."