Ƙuri'a a Kan Ƙeyar Merle

Zuwa ga masu girma Shugabannin Zauren Ingarman Maza na yanar gizo, jagororin wayar da kan maza, masana lafiyar da ba su taɓa taɓa majinyaci ba, masu mabiya dubu ɗari huɗu, Allah ya ƙara muku mabiya.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga manya, da fatan yatsunku ba su gaji da danna waya ba. Sunana Arlen Tveit, mai aski ne ni a wani ɗan gari da ke arewacin Minnesota. Kujerata ɗaya, madubina ɗaya, shekara talatin da huɗu ina kallon ƙeyar mutane. Ban yi karatun likita ba, kamar ku dai. Ɗan bambancin da ke tsakaninmu shi ne ni ina ganin mutumin da nake magana a kansa. Na ɗauki alƙalami ne saboda abokina Merle Ostby, manomin gwozar sukari, memba a zaurenku, wanda yanzu haka yake kwance a asibiti a Fargo an yanke masa nama a wuya. Ku gafarce ni idan na ɓata muku lokaci, na san aikin ceton maza ya yi muku yawa.

Bari in fara da adalci, don kada a ce mai aski ya zo da hassada. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Verna, matar Merle. Gidan gonar nan ya yi masa girma, sai shi sai firiji. Zaurenku ne ya ɗebe masa kewa, a nan ya samu masu yi masa barka da asuba da masu tsokanarsa, kuma na gode muku da wannan har zuciyata. Sai dai tun da Verna ta tafi, babu wani mahaluki a duniya da ke ganin bayan wuyan Merle sai ni. Duk mako uku yakan zo ya zauna, ya ce, "Yi mini irin na kullum, kuma kada ka cika ni da surutu," sannan shi ya yi ta surutun har in gama.

A watan Yuni na ɗaga masa gashin ƙeya na ga tawadar Allah da na sani tun muna da sauran ƙuruciya ta sauya. Ta ƙara faɗi, ta yi duhu, bakinta ya karkace, kuma da kum ya goge ta sai ga jini. Mutum ne da ya yi shekara arba'in rana na dukan wuyansa a kan tarakta. Na ce masa, "Merle, tashi ka tafi asibiti, yau ba gobe ba." Sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗaukar mini hotonta tukuna, in ji me 'yan zaure za su ce." Daga nan koke-kokena suka fara, kuma zan jero su cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina yi muku jinjina a kan wannan babbar fasaha taku ta gano cuta ta hanyar jefa ƙuri'a. Likitocin duniya sun yi ta wahalar da kansu da karatu da gwaji, ashe abin bai wuce a tambayi jama'a ba. Da Merle ya saka hoton, zaurenku ya buɗe masa akwati huɗu: cizon kaska, ƙunar rana, datti, sai kuma a tafi asibiti can a ƙasa, kamar wanda aka gayyata don kunya. Mutum ɗari bakwai da talatin da ɗaya suka yi zaɓe. Kaska ta lashe da gagarumin rinjaye, datti ma ya samu mutum ɗari da huɗu, asibiti kuwa ya tashi da sha huɗu. Ina neman ƙarin ilimi, ranku ya daɗe: shin ita cutar an sanar da ita sakamakon zaɓen? Ta amince da kaye? Ko kuwa tana da kotun da za ta kai ƙara? Na tambaya ne domin ga dukkan alamu ba ta ji ba, ta ci gaba da harkarta.

Merle ya dawo mini da wayar yana washe baki. Ya ce, "Ka gani ko, likitan almakashi? Mutum ɗari bakwai za su taru su yi kuskure ne? Kai kaɗai ne mai ido a jihar nan?" Na ce masa ai a cikin ɗari bakwan ni kaɗai na ga jinin. Ya ce in rage tsoro, tsufa ne ke damuna.

Na biyu. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga manyan malaman da suka yi sharhi a ƙarƙashin hoton. Akwai wani mai kiran kansa Damisar Dakota, wanda ya rubuta, "Haba dattijo, wannan ɗan ɗigon ne zai kai ka gaban likita? Nawa ya ninka naka biyu, ga ni nan daram." Allah ya sa har yanzu yana nan daram ɗin, ku taimaka ku leƙa mana shi. Wani ya ce a shafa ruwan khal safe da yamma. Wani ya ce likitoci yanka kawai suka iya, kuma kakansa bai taɓa shiga asibiti ba har ya mutu. Babu wanda ya tambaye shi kakan nasa yana da shekara nawa ya mutu, kuma me ya kashe shi. Ni da ban iya waya sosai ba, na daure na yi rajista, na rubuta layi biyu cewa ni ne mai askinsa, abin nan yana jini, a taimaka a ce masa ya je a duba. Kafin kofina ya huce an goge rubutun. Aka aiko mini da saƙo mai cike da tarbiyya, wai na karya doka ta shida, wadda ta hana tsorata membobi, kuma wai zaurenku wuri ne na ƙarfafa gwiwa. Madalla da wannan doka. Gwiwar Merle kam ta yi ƙarfi, don har ranar da aka kwantar da shi da ƙafarsa ya shiga.

Na uku, kuma a nan ne nake roƙon ku gyara zama. Ranar ɗaya ga Agusta kuka ƙaddamar da gangaminku mai suna Kwana Ɗari Babu Aski. Kowane namiji ya bar gashinsa da gemunsa, ya riƙa saka hoto kullum, domin duniya ta farga cewa maza ma suna ciwo. Tirƙashi! Wane ne ya kawo wannan shawara, in je in gaishe shi? Kun zauna kun duba duk hanyoyin da za a taimaki namiji, sai kuka zaɓi wadda za ta raba shi da mutum ɗaya tak da ke duba masa kai da wuya. Kada ku ɗauka kukan kasuwa nake yi, masu sanƙo da 'yan coci sun riƙe ni. Abin da nake faɗa shi ne Merle ya daina zuwa. Gashi ya sauko ya rufe ƙeyar ruf, gemu ya bazu har ƙirji, kullum yana saka hoton fuskarsa, kullum dubban mutane suna danna masa babban yatsa. Ta gaba kuke kallonsa, ku duka dubu ɗari huɗun, abin kuwa yana baya.

Na kira shi ya fi sau goma. Ya ce, "Arlen, so kake in karya a kwana na sittin? Yaran nan da ni suke koyi fa." Lokacin cire gwoza ya zo a Oktoba, ya ce ko mutuwa ce ta jira a gama kwashe amfani. Da kwana ɗari suka cika kuka naɗa shi Sarkin Gemu na bana, kuka ce kada ya kuskura ya taɓa shi sai an gama hotunan talla. To wa ya isa ya yi wa sarki maganar asibiti? Ina so ku faɗa mini, don Allah, a cikin kwana ɗarin nan kan wa aka wayar? Akwai namiji ɗaya a ƙasar nan da bai san maza suna mutuwa ba sai da ya ga gemun Merle? A cikin hotuna dubu nawa da aka saka, guda nawa aka ɗauka a ɗakin jiran likita?

Na huɗu gajere ne. Duk tsawon watannin nan, a ƙarƙashin hoton ƙeyar abokina, tallar garin ƙarfin maza da kamfaninku ke sayarwa tana nan tana walƙiya. Ya sha gwangwani uku. Ya ce ɗanɗanon ayaba ne da shi, ban da wannan ba mu ga wani abu ba.

Na biyar ba naku ba ne, nawa ne, kuma zan faɗe shi a gabanku don kada ku ce na wanke kaina. Ni na ɗauki hoton nan da hannuna. Da ya karanto mini sharhin masu cewa datti ne, ya je ya yi wanka, har dariya na yi. A watan Yuni ya kamata in rufe shago in cusa shi a mota, ko da zai yi shekara ba ya gaishe ni. Ban yi ba, saboda mu mazan nan haka aka rene mu, ba ka matsa wa namiji ɗan'uwanka a kan jikinsa, sai ka faɗa sau ɗaya ka koma maganar kifi da farashin taki. Wannan abu yana cina, kuma zai daɗe yana cina.

A makon farko na Disamba ya shigo shagon, ba don aski ba, shan kofi ya kawo shi. Na lura idan zai waiwaya sai ya juyo da duk jikinsa. Da ya cire rigar sanyi na ga wuyan rigarsa ta ciki da busasshen jini. Ban nemi izininsa ba, ban kuma nemi na doka ta shida ba. Na danne shi a kujera na ɗaga gashin. Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba, kada in tsorata membobi. A gefen wuyansa kuma, a ƙarƙashin gemun sarautar, ga kaluluwa ta yi tauri kamar goro. Ya ce, "Kai, sake ni, mahaukacin tsoho!" Na ce, "Mahaukacin ne zai tuƙa ka Fargo yanzun nan." Na juya allon ƙofa alamar shago a rufe, muka kama hanya cikin dusar ƙanƙara. Sai da muka ci mil saba'in muka kusa isa ya ce a hankali, "Ya yi muni ne, Arlen?" Na ce masa ya yi.

Likitar da ta duba shi mace ce, ita kaɗai, ba ta tara kowa don jin ra'ayi ba. Ta ce kansar fata ce, kuma ta riga ta gangara wuya. Ta tambaye shi yaushe aka fara ganin sauyin. Da ya ce Yuni sai ta ajiye alƙalaminta ta ce da a lokacin ya zo, da wataƙila ɗan yanka ne a ɗinke ya koma gona. An yi masa tiyata ranar Talata. Ranar Litinin mai zuwa za a faɗa mana ko ta tsallaka huhu da hanta. Wannan ne abin da muke jira, ni da shi.

Yanzu sai koke na ƙarshe, wanda shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Jiya na je duba shi na tarar ransa a ɓace, ba don ciwon ba. Saƙonku ne ya shigo masa. Wai kuna taya Sarkin Gemu murna, kuna kuma tunatar da shi ya aiko da sabon hoton gemunsa kafin Juma'a, in ba haka ba sarautar ta koma hannun wanda ya zo na biyu. Bawan Allah, ga roba a wuya, ga ɗinki har bayan kunne, abin da yake ce mini shi ne, "Rubuta musu ka ba su haƙuri, kada su ce na yaudare su." Har yanzu ganin girmanku yake yi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

To, ga haƙurin na bayar. Hoto dai ba zai samu ba, domin ana gobe tiyata ya ce ba ya son baƙon hannu ya aske shi, ni zan yi. Na aske shi tas, kai da gemu, yana zaune a bakin gadon asibiti, kuma karo na farko a rayuwarsa bai yi surutu ba. Amma ban zubar da kayanku ba. Na share gashin a tsanake na zuba a leda, yana nan cikin ambulan tare da kwafin wannan wasiƙa da na aika ofishinku ta gidan waya. Ku auna shi, ku ɗauke shi hoto ta kowane ɓangare, ku ɗora shi a saman shafinku ya ci gaba da wayar da kan maza, tunda dama shi kuke nema. Idan Litinin ta yi kyau, Merle zai tara wani. Idan ba ta yi ba, to wannan ne na ƙarshe, ku riƙe shi da kyau.

Naku mai biyayya har ƙasa, wanda bai kai matsayin goge muku gilashin waya ba,

Arlen Tveit
Mai aski, kuma mai karya doka ta shida