Motar da Ta Tashi da Kanta a Herwagana

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Rahila ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen unguwar Herwagana ba za su bar ni ba.

Abin ya faru ne a shekarun nan da Gombe take barci da ido ɗaya. Kowace kwana ka sha sai ka tarar da buhunan yashi da soja a bayansu, shiga babbar kasuwa sai an laluba ka, masallaci da coci kuwa duk an tare hanyoyinsu da duro da gungumen itace. Tayar mota in ta fashe, sai ka ga an bar takalma a titi. To a irin wannan lokaci ne Allah ya nufe ni da yin mota, bayan shekara da shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare, ina jera matata Hajara da yara uku a kan babur kamar buhunan masara.

Motar 'yar Kwatano ce, ruwan toka, mai duhun gilashi, irin wadda ake kira haibirid, wato mai aiki da fetur da kuma batir. Ba a murɗa mata makulli. Makullin yana aljihunka, ka danna maɓalli kawai, ta kunnu ba tare da ko tari ba. In kana tafiya a hankali batir ne ke jan ta, shiru kamar kyanwa, sai ta ga dama injin ya karɓa. Mai sayarwar ya so ya zaunar da ni ya yi mini bayani, na ɗaga masa hannu na ce ni malamin kimiyya ne, lantarki abincina ne. (Littafin motar kuwa yana nan a aljihun gabanta, ko ledarsa ban yage ba.)

Na dami unguwarmu Kagarawal da zancen motar nan. In na wuce layin mai sai in rage gudu, in sauke gilashi, in yi wa mutane sannu da jira. A ɗakin malamai duk hirar da aka ɗauko, ko ta farashin gero ce, sai na karkato da ita kan batir. Ranar da wani soja ya ji injin ya yi shiru a shingensu ya ce wa abokansa su taimaka su tura ni, na yi masa lacca har na baya suka fara danna ham. Hajara ta sha ce mini in rage, ido guba ne. Na ce mata ilimi nake yaɗawa.

Mutum ɗaya ne yake sauraron wannan lacca har ƙarshe, shi ne Malam Yohanna. Batangale ne, malamin Turanci, teburinmu ɗaya tun ranar da na fara aiki. Shi ya fara isa asibiti ranar da aka haifi babbar 'yata, kuma duk Kirsimeti sai shinkafarsu ta iso gidanmu, kamar yadda naman layyarmu ke isa nasu. Da auren 'yarsa Rahila ya tashi, ya ce ni zan yi jawabi a madadin malamai. Wasu sun ce mini zamanin nan ba na shiga taro ba ne, balle taron coci. Na ce ko ana ruwan wuta sai na je. Gaskiyar magana, rabin wannan jarumta saboda Yohanna ne, ɗaya rabin kuma ina so Herwagana ta ga mota.

Ranar Asabar muka shirya, na zuba babbar riga fara mai sitaci, Hajara ta ɗora kyautarmu a kujerar baya: saitin tukwane a cikin kwali, an naɗe da takarda mai ƙyalli. Mun makara. Da muka isa an riga an ɗaura, an fito liyafa a harabar cocin. Matasan da ke gadi sun tare layin, suka ce ba a shiga da mota. Sai na zagaya na ajiye ta a jikin katangar baya, inda babu kowa. Yanzu ku lura da abin da malamin kimiyya ya yi. Na taka birki, na sa ta a fakin, na ji shiru, na fito. Ban danna maɓallin kashewa ba. Sanyin mota ma yana kunne. Na ji ta yi wani ɗan ƙara da na rufe ƙofa, amma ganguna na tashi, ni kuma ina gyara hula. Hajara ta ce kyautar fa, na ce a bari sai an natsa. Lambar motar kuma ba ta fito ba tukuna, takarda ce kawai a aljihuna.

Aka laluba mu aka bar mu muka shiga. Aka ba mu kujerun gaba, aka kawo lemo. Can aka kira ni, aka miƙa mini makirfo marar waya. Na yi gyaran murya na fara. Na yabi Rahila, wadda na koyar tun tana aji ɗaya. Na juya kan ango na ce masa miji garkuwa ne, duk abin da ya taso shi ne a gaba, matarsa a bayansa. Mata suka yi guɗa. Na ji daɗin guɗar, na maimaita.

Ban rufe baki ba wani daga cikin masu gadi ya shigo a guje, yana cewa ga wata mota a bayan katanga, ba lamba, ba kowa a ciki, ta tashi da kanta.

Wanda bai zauna Gombe a lokacin ba ba zai gane abin da wannan magana take nufi ba. Kafin ƙiftawar ido kujeru sun tashi sama, rumfa ta karkace, kulolin shinkafa sun kife. Ni kuwa, garkuwa, ban san lokacin da na tsallake benci biyu ba. Ban waiwayi Hajara ba. Na bi ta ƙaramar ƙofa, babbar rigata ta maƙale a ƙarfe, na fizge na bar masa hannun rigar ɗaya, na faɗa kwata har gwiwa, na fito na ci gaba. Kuma duk wannan gudu makirfo na hannuna a kunne. An ce har na kai bakin layi lasifika tana watsa hakina da salatina, da wani kira da na riƙa yi wa mahaifiyata, wadda take Dukku tana harkar gabanta.

Muka taru a bakin babban titi, ana ta neman 'yan'uwa. Amarya na tsaye riƙe da takalmanta. Wata tsohuwa, gwaggon Yohanna, ta gurɗe ƙafa an zaunar da ita a kan dakali. 'Yan sanda suka iso suka ja igiya. Da na ga hukuma ta zo, sai bakina ya dawo. Na matsa kusa da sajan ɗin da ke tsare igiyar na gabatar da kaina a matsayin malamin kimiyya, na bayyana wa jama'a cewa mota ba ta tashi haka kawai, dole da waya aka tayar da ita daga nesa. Na ƙara da cewa ko ma ba komai a cikinta, wanda ya ajiye ta ya cancanci a ɗaure shi a jefar da makullin. Mutane suka gyaɗa kai.

A nan Hajara ta iso, mayafi a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ba ta ce mini komai a kan gudun ba. Sajan kawai ta tambaya, cikin ladabi, wace irin mota ce. Ya ce ruwan toka ce mai duhun gilashi, tana tashi tana mutuwa ita kaɗai, kuma an hango wani kwali mai ƙyalli a kujerar baya.

Ta juyo ta dube ni. Ta ce a hankali, «Malam, ka kashe motar kuwa?»

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Na sa hannu a aljihu na ji makulli. Sai ilimin da na ƙi saurara ya zo mini gaba ɗaya: sanyin mota ya sha batir, injin ya tashi don ya cika shi, kamar yadda aka ƙera shi ya yi. Na ɗaga hannu kamar ɗalibin da ke neman izinin fita, na ce, «Ranka ya daɗe, ina jin tawa ce.»

Ba wanda ya yi dariya. Sajan ya karɓi katina, ya karanta sunana da ƙarfi, ya tambayi abin da ya kawo ni coci da mota marar lamba. Na ji ƙus-ƙus ya fara a bayana, na ga waɗanda suke kusa da ni suna ja da baya. A lokacin ne tsoron gaske ya kama ni, wanda ya fi na gudun. Zamani ne da in aka sa mutum a bayan motar 'yan sanda a kan irin wannan zargi, sai iyalinsa su yi wata suna neman inda yake. Kuma ban ga laifin kowa ba, don mutanen nan sun binne 'yan'uwansu.

Sai ga Malam Yohanna ya ratso taron, kwat ɗinsa duk jar miya. Ya tsaya tsakanina da sajan. Ya ce, «Ofisa, wannan ɗan'uwana ne, ni na gayyace shi. Surutu ne da shi, amma ba ya cutar da ko ƙuda. In za ku tafi da shi, ku haɗa da uban amarya.»

Sajan ya yi shawara da na gaba da shi, aka ce to, mai mota ya je shi kaɗai ya kashe ta, ya buɗe ƙofofi da but, ya fito da kwalin. Yohanna ya ce ba shi kaɗai ba. Ya kama hannuna (hannun da ba riga) muka tsallake igiya. Layin nan bai fi taku ɗari ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba: ƙafa na ɗigar kwata, unguwa guda na kallo daga nesa, 'yan sanda sun saita bindigogi. Muna isa injin ya sake tashi, na yi tsalle na riƙe Yohanna. Na shiga na danna maɓalli ɗaya, komai ya mutu. Na fito da kwali na yage takardar, na riƙa ɗaga tukwane ɗaya bayan ɗaya, har da murafensu, kamar mai gwanjo a bakin kasuwa.

Gwaggon Yohanna ce ta fara dariya daga kan dakalinta, sai ta kama kowa kamar wutar daji. Har sajan ya juya baya yana gyara hula, kafaɗunsa na rawa. Ya rubuta bayanina, ya ce ranar Litinin in kawo takardun mota, in kuma karɓo lamba kafin in sake fitowa da ita.

Na so in sulale gida, matar Yohanna ta ce ba inda za ni. Aka tayar da rumfa, aka tattara abin da ya tsira na shinkafa, maƙwabta suka fito da tasu tukunyar, Musulmi da Kirista, aka ci gaba da biki har ya fi na farko armashi. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri. Da na durƙusa gaban Rahila, ta ce, «Baba, ka tashi. Yanzu duk Gombe ba wanda zai manta ranar aurena.» Gwaggo kuma ta ce ba za ta je a duba ƙafarta ba sai a cikin motar aljanun, don haka ni na kai ta wurin mai ɗori, tana gaba tana shafa kujera tana tambaya ko da gaske a kunne take.

Da muka shiga Kagarawal, Hajara ta juyo ta dube ni. Ta ce jawabina ya yi kyau ƙwarai, musamman wajen da na nuna wa ango a aikace.

Motar ta yi mana shekaru, ta kai yara makaranta, ta kai mu Dukku ta dawo da mu, ta ga ranar da aka kwashe buhunan yashi daga titunan garin nan. 'Yar fari ta Rahila ma ita ta ɗauko ta daga asibiti. Har yau in na faka a Herwagana, kafin in sa ƙafa a ƙasa sai wani ya leƙo daga shago ya ce, «Malam, an kashe?» Ni kuma in ɗaga hannu in ce an kashe.

Abin da na koya kuwa, in ka ji ana neman mai laifi a taro, kada ka yi saurin yanke masa shekarun kurkuku. Ka fara tambayar launin motar tukuna.