Yadda Za Ka Ci Sitek a Gaban Surukinka Ba Tare da Ya Ga Bakinka Yana Motsi Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan surukinka ya zo daga Kano ya sauka a gidanka, sannan matarka mai ciki ta tashi da kwaɗayin naman wani tsohon gidan cin abinci da ke can bayan gari, to kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Ni Kamal na Silver Spring a nan Amurka na yi maka alkawari: bi matakan nan yadda na jera su, za ka ci nama, kuma surukinka zai koma gida yana rantsuwa bai taɓa ganin mai kunya irinka ba. Dabarar gwadaddiya ce. Na gwada ta a kan abokina Fatihu, injiniya a Gaithersburg, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: San abin da za ka rasa

Ka san dai ɗan mutunci ba ya cin abinci a gaban surukinsa, shi ma surukin ba ya tauna a gaban mijin 'yarsa. A gida wannan ba komai ba ne, a kai wa Alhaji nasa ɗaki, kai ka ci naka a falo. A gidan sitek kuwa, wato gasasshen yankin naman shanu irin na Turawa, tebur ɗaya ne, ga ka ga shi, ga nama a tsakani.

Alhaji, mahaifin Najiba matar Fatihu, ya zo ganin likitan ido ne, amma tun a filin jirgi ya faɗi hukuncinsa. Idan ya ga Amurka ta wanke wa yaron nan kunya, to da Najiba ta sauka za a kwashe ta da jaririn a kai su Kano wankan gida, sai yaro ya fara rarrafe. Ɗan fari ne fa. Fatihu har ya haɗa gadon jariri da hannunsa. Ranar da yake ba ni labarin cewa ya yi: "Kamal, wallahi ba zan iya ganin ɗana a waya kawai ba."

Kada ka ce za ka bar Alhaji a gida. Fatihu ya gwada. Alhaji ya dubi 'yarsa ya ce, "Auta, ni ma ina son in ga naman shanun nan da ake ta cika mana baki da shi." Shi ke nan magana ta ƙare.

Mataki na 2: Tafi da aboki mai lafiyayyen ciki

Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Kana bukatar mutum na huɗu da zai yi tafinta, ya cika tebur da surutu, ya kuma sadaukar da cikinsa idan an samu rarar abinci. Ni na sadaukar da nawa, kuma ban nemi godiya ba.

Shi abokin ne zai buga waya ya binciki naman. Na bincika, na tarar gidan yana sayen shanunsa ne a gonar da mutanenmu ke yanka ragon layya, mahaucin ma a sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Shi ne kuma zai ja wa masu girki kunne kada su barbaɗa gutsattsarin naman alade a kan dankali, don su a wurinsu hakan ƙauna ce.

Mataki na 3: Shiga da babbar riga, ka buɗe ta sosai

Ku yi la'asar ku kama hanya. Ku wuce manyan benaye, ku wuce gonakin masara, har ku isa wani ɗan gari da fitilar hanyarsa ɗaya ce. Kada ku makara, tsofaffin Turawan nan tun rana ba ta faɗi ba suke cin abincin darensu.

Ciki kuwa, tabarkalla! Jan kafet tun na zamanin kakanni, fitilu dishi-dishi, kan barewa a bango yana kallon kowa, wani dattijo a kusurwa yana danna fiyano ido rufe. Kujerun irin masu dogon bayan nan ne, kowane tebur a lungunsa. Amma kafin ka kai gare su sai ka ratsa ta gaban wurin masu kurɓawa, kwalaben giya jere har rufi. A nan babbar rigarka za ta yi aiki. Tsaya ta wancan ɓangaren, ware hannuwa kamar mai shanya, ka yi ta nuna wa Alhaji barewar. Fatihu ya yi haka, har wata tsohuwa ta tafa masa, ta ɗauka rawar gargajiya ce.

Mataki na 4: Kada ka fassara Edna daidai

Edna ce mai kawo abinci. Farin gashi, tabarau a rataye a wuya, tun tana budurwa take aiki a gidan, kuma a bakinta kowa masoyinta ne. Ta dafa kafaɗar kujerar Alhaji ta ce da Turanci, "Masoyina, wannan hula taka ta tafi da ni!"

Alhaji ya juyo. "Malam Kamalu, me ta ce?"

"Ta ce barka da zuwa, ranka ya daɗe, ya aka baro mutanen gida."

"Madalla. Ashe suna da tarbiyya."

Riƙe wannan darasi: tafinta nagari ba ya kawo duk abin da ya ji.

Mataki na 5: Yi oda kamar za ka ci

Da farko za a kawo faranti na ɗanyen karas da wasu itatuwa kore da gurji mai tsami. Kyauta ce, al'adar gidan ce. Alhaji ya leƙa ya ce, "Zomo ne zai zo?" Ture farantin gaban abokinka.

Sannan Edna za ta tambayi yadda kuke son gashin. Turawa suna cin nasu ja-jawur, yana zubar da ruwa a faranti. Kai ka ce a gasa shi sosai, a juya a ƙara, sai ya daina gardama. Edna za ta dafe ƙirji, mai girki zai yi baƙin ciki a can ciki. Bar su, kowa da ranar jarrabawarsa.

Mataki na 6: Idan nama ya iso, dubi bango

Wayyo Allah, ɗan'uwa! Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Kowane yanki ya cika faranti har ya leƙo, yana ƙara cuuu, man shanu yana narkewa a kansa, ga ƙashi a gefe, ga dankali an tsaga shi yana tururi. Najiba ta zaro ƙullin yaji daga jaka ta yi bisimilla. Ni ma na bi bayanta, don kada ta ji kaɗaici.

Kai kuwa naka aikin shi ne yanka. Yanka naman ƙanana, jera su, sake jera su, sha ruwa. Idan an tambaye ka ka ce, "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake," ko da cikinka yana kiran sunanka. Na Fatihu ya yi ƙugi har mai fiyano ya buɗe ido ɗaya.

Shi ma Alhaji hannunsa na kan carbi, idonsa na kan barewa, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Najiba ta ce, "Baba, ka ci mana."

"Ci naki, Auta. Ni ƙamshin ma ya ishe ni."

Akwai wata dabara da na koya wa Fatihu: ka ya da tsumman goge baki, ka sunkuya ɗauka da tsoka a tafin hannu, ka jefa a baki a ƙarƙashin tebur. Ya sunkuya lafiya lau. Yana buɗe baki sai ga Edna ta durƙuso tana tambaya, "Masoyina, ko suma ka yi?" Ya taso da tsokar a aljihu. Wannan dabarar na cire ta daga manhaja.

Mataki na 7: Bar mata su yi magana

Ka sani, a irin wannan gida farantin da ba a taɓa ba zagi ne. Edna ta ga biyu. Kafin mu ankara ta kwashe su ta mayar, aka ƙara gasawa, aka dawo da su. Ba a taɓa ba. Sai ga mai girkin da kansa, Tracy, ƙato, ya fito yana murza hula a hannu yana tambayar laifin da ya yi. Duk tsofaffin gidan suka juyo. Idon Edna ya kawo ruwa, ta ce tunda take ba a taɓa mayar mata da sitek sau biyu ba.

A nan ni gwani na shirya wata ƙarya mai kyau game da ciwon haƙori. Najiba ta riga ni. Ta ajiye cokali ta gaya wa Edna gaskiya tsirara: wannan babana ne, wannan mijina ne, a garinmu ba sa cin abinci a gaban juna saboda girmamawa.

 Edna ta dubi Alhaji, ta dubi Fatihu. Ta ce, "To shi ne kuka zauna da yunwa? Ai da kun faɗa!" Ta sure farantin Fatihu, ta kama hannun rigarsa, ta zaunar da shi a lungun da ke bayan na Alhaji, suka ba juna baya, dogon allon kujera a tsakaninsu. Alhaji gyaran murya kawai ya yi. A Kano wannan sa hannu ne.

Idan ana ba da labarin, ka ce ni na tsara.

Mataki na 8: Ci!

Ci, ɗan'uwa, ci! Kada ka tsaya gaisawa da dankali. Fatihu ya afka wa naman nan har ina jin tausayin saniyar. Najiba tana miƙa masa yaji ta saman kujera. Daga ɓangaren Alhaji kuwa ba ka jin komai sai ƙarar wuƙa, can wuƙar ma ta yi shiru, don an koma ga hannu. Edna tana wucewa tana murmushi, Tracy yana leƙowa ta tagar kicin yana ɗaga babban yatsa, mai fiyano ya ƙara wuta. Wallahi daɗi ya kama ni har na ji kamar in tashi in yi jawabi.

Mataki na 9: Kada ka ɗaga kai

Na manta ban gaya wa Fatihu wannan ba. Irin waɗannan tsofaffin gidaje suna da madubi ƙato, bango guda, a ɗaya gefen ɗakin.

Ya ɗago don ya sha iska, sai ga Alhaji a madubi. An naɗe babbar riga a kafaɗa, hula ta koma ƙeya, ƙashi a hannu biyu, gemu yana ƙyalli. Shi ma Alhaji ya ɗago. Ga mijin 'yarsa, kumatu cike, yaji har hanci. Ido ya faɗa cikin ido.

Ni ina kallo, na ce shi ke nan, jariri ya tafi Kano.

Fatihu ya sunkuyar da kai. Ya haɗiye abin da ke bakinsa ba tauna, har hawaye ya fito masa. Ya ajiye cokali a hankali, ya miƙe, ya bar fiye da rabin naman nan mai tsada da daɗi a faranti, ya fita ya tsaya a jikin mota yana kallon gonar masara. Ya bar wa dattijo ɗakin da madubin don ya ƙarasa a tsanake. Alhaji kuwa ya ƙarasa, har da tuffa mai zaƙi da Edna ta kawo masa da ƙanƙarar madara a kai.

Kada ka damu da rabin da aka bari. Dalilin zuwa da aboki ke nan.

Mataki na 10: Riƙe sitiyari da kyau

A hanyar dawowa kada ka yi magana. Suruki ba ya yanke hukunci kai tsaye, ta bakin 'yarsa zai biyo. Mun yi nisa, sai Alhaji ya yi hamdala mai tsawo daga baya.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ki gaya wa mijinki ba sai an kai ki Kano ba. Yaron nan yana da kunya. Ya ga abin da ya gani, ya kau da kai."

Motar ta ɗan yi gefe a hannun Fatihu, na riƙo masa sitiyarin. Na dubi Fatihu, sai na ga idonsa ya cika, leɓensa yana motsi yana godiya ga Allah. Ni kaina sai da na share nawa.

Alhaji ya ci gaba: "Hajiyarku ce za ta zo ta yi miki wankan a nan. Ta zauna tare da ku sai yaro ya yi tafiya. Tunda mai kunya ne, na san ba za ta takura ba."

Motar ta sake yin gefe.

Gargaɗi, a karanta da kyau

Hajiya ta zo. Ba mai zaman ɗaki ba ce, falo nata ne, kicin nata ne, kuma kunyar suruka mace ta ninka ta namiji. Tun ranar da ta sauka ba wanda ya ga Fatihu ya kai loma baki a cikin gidansa. Ya rame, wandunansa sun yi masa yawa. Amma kullum ya dawo aiki ɗansa a ƙirjinsa yake barci, kuma ya ce wallahi ko da ruwa kaɗai zai rayu ya yarda.

Don haka ni Kamal na wanke hannuna tas. Alkawarin da na yi na sitek ne, ban yi na abin da zai biyo baya ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rame, ko ya shaƙe, ko surukarsa ta tare a gidansa, kada ya neme ni a waya, kada ya tare ni a bakin masallaci. Idan kuma ka ratsa Gaithersburg ka ga wani injiniya a cikin mota a ƙasan bene, ya sunkuya da kwano a cinya, kada ka yi masa sallama. Bakinsa a cike yake, kuma Hajiya tana taga.